Uban Sarkin Gilashi

Jega, 14 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga Yaya Rufa'i, Sarandosa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Azumi da ƙanenka Almu da yara baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Kulsum na kumbura in ta daɗe a tsaye, ni kuma haƙorina na dama ya soma yi mini gargaɗi game da ruwan randa.

To, Yaya, gyara zama. A madadin majalisar gidana, wadda ta ƙunshi ni da Kulsum da akuya guda, ina sanar da kai cewa ranar Asabar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, ɗanka Zaharaddeen ya hau gadon sarauta. Ba a buga tambari ba, ko zakara ba a yanka ba. Ya sauko daga karaga ya dawo gida ya ci tuwo kamar kowa, har ya wanke kwanonsa.

Ga yadda aka yi. An kawo wa makarantarmu kwamfuta guda ɗaya, wani akwati ne mai fuskar gilashi kamar talabijin, da jerin maɓallai a gabansa. Wata biyu tana lulluɓe da zane a ofis, don duk cikinmu ba wanda ya san ta inda ake gaishe ta. Sai aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga Ilori, sunansa Abdurrahman, yana koyar da lissafi. Shi ya yaye mata zane, kuma ya zo da wani wasa a cikin faifai. Wasan kuwa na gina ƙasa ne. Ana ba ka mutane ƙalilan a tsakiyar daji, tun zamanin da ba a san ƙarfe ba. Kai za ka zaɓa musu inda za su kafa gari, ka ce a yi noma ko a yi ganuwa, a nemi ilmin rubutu ko na ƙira. In ka gama naka sai ka danna maɓalli, sauran sarakunan da ke cikin akwatin su yi nasu, shekaru su gota, a dawo kanka. Haka dai zagaye bayan zagaye, har a iso zamanin jirgin sama. Abin da ya fi burge ni shi ne, in ba ka danna ba, duniya tsayawa take yi cak tana jiranka. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi, ban taɓa cin karo da sarkin da aka yi wa wannan alfarma ba.

Ni dai ta taga na hango ƙeyarsa, ya ƙura ido ko ƙuda ba ya kora. Amma na san halin sarakuna in suka sami ƙarfe. Ina jin zuwa yanzu ya ci Misra, ya sa wa Farisa haraji, kuma in ba a yi hattara ba, Asabar mai zuwa Rumawa da takalmi za su kwana. Ka shirya babbar riga, kai ne uban sarki.

Na san ba za ka tambaye ni labarinsa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ka kamawa, shi ma in ya hango ka sai ya canja hanya. Shi ya sa nake ba ka labarin ba ka tambaya ba. Yana ci, yana salla, ya ƙara tsawo har wandonsa ya rabu da idon sawu. Bayan sabuwar shekara za a rubuta sunayen masu jarrabawar fita, a watan Mayu su zauna. Shekara shidan da ka ba ni amanarsa ta kusa cika.

Kulsum na gaida Azumi, ta ce a gaya mata daddawar da ta aiko ta ƙare, kuma ba roƙo take ba, labari take bayarwa.

Naka,
Sa'idu.

Sarandosa, 29 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga Malam Sa'idu, Jega. Daga Rufa'i, da hannun Almu.

Gaisuwa da fatan alheri, a gaida Kulsum da jiki. Muna lahiya, sai Azumi da tari ya kama tun ƙarshen damina. Shina hana ta kwana, ta rame ƙwarai. An yi jiƙo, an yi rubutu, muna jiran sauƙin Allah.

Takardarka ta iso ran sunan ɗiyar Almu, zaure cike da mutane har da na Karaye. Ka san ba ni da boko. Na miƙa ma Almu na ce ya karanta da ƙarhi, don na zaci labarin jarrabawa ne, ina son mutane su ji. To, sun ji. An yi dariya har liman ya ɓoye baki cikin rawani. Tun ran nan ba mai kirana Rufa'i. In na bi hanyar fadama, yara su ce ga uban sarkin gilashi. Jiya wani ya tambaye ni ko Misra ta aiko da albasarta a kai mata kasuwar Aliero.

Malam, ban zaci ya ci Misra ba, ba ni da hauka. Na gane wasa ne. Wasan ne ya dame ni.

Bana babu mai. Injin ban ruwa na nan jingine cikin ɗaki, mun koma jan jigo awa zamanin Baba. Dashen albasa ya matso. Ni da Almu da yaranshi biyu muke ja, tun asuba har rana ta yi tsaka, ga bayana ba kamar da ba. Shekara shida Almu na hwaɗa mini gandunmu na ɗauke da rabon mutum guda wanda ba ya jan guga, ni ina ce mishi a yi haƙuri, karatu yake. Ga shi nan zaune shina rubuta wagga magana, ya san ba ƙarya na yi mishi ba. Tun ran suna bai sake tado zancen ba, kallona kawai yake. Na fi son ya tado.

Kai munka ba amana don kakarka da kakata ciki ɗaya sunka hito, kuma don kai ka san boko. Ni ban iya tambayar yaron, ka sani. Uwar ma ba ta iyawa. Abin da kac ce, shi munka sani.

Tambaya guda gare ni. Yaron nan karatu yake, ko wasa? Ka ba ni amsa gajera, wadda za a iya karantawa gaban mutane.

Rufa'i.

Jega, 10 ga Nuwamba, 1995

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Azumi lafiya. Kada ku tsaya kan jiƙo, tarin da ya wuce wata biyu a kai shi a duba. Kulsum da sauƙi. Haƙorin nan nawa an cire shi ranar Talata, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Amsa gajera kake so, ka manta malamin tarihi ka tambaya. Mu ko hanyar kasuwa aka tambaye mu, daga ginin tsohon birnin Surame muke farawa.

Na yi dariya da na ji zancen albasar Misra, wallahi mai wannan magana ya ɓata basirarsa a fadama, da nan ya zo mun sa shi koyar da adabi. Kada ka bar mutanen zaure su hana ka barci. Yau su ce uban sarki, gobe akuyar wani ta haifi uku su koma kanta.

Batun karatu kuwa ka bar mini, aikina ne. Batun wasa nake so mu yi, don na ga kamar ka manta wani abu. Wannan wasan na gilashi, in ka cire wutar lantarki da Turanci, dara ce. Ka ajiye naka, ka jira abokin karawa ya ajiye nasa, ka hango abin da zai yi sau uku gaba kafin ya yi. Kuma wa ya fi ka sanin wannan? Ina ɗan shekara goma aka kawo ni hutu Sarandosa, ni nake riƙe maka karare a gindin tsamiyar kasuwar Karaye. Ramuka talatin, dattawa sun kewaye ka, kai saurayi kana cinye su ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan taɓa hularka kafin kowane ci. Har yau ban manta ranar da ka ci wani mahauci sau bakwai a jere ba. Ranar ce fa shanu suka shiga renon irin albasar Baba, Allah ya jiƙan sa, wanda aka bar ka tsaro, suka tattake shi tas. Na tuna yadda ya biyo ka da igiyar guga, kai kana gudu, karare na zuba daga aljihunka. Ni dai a wurina ba a taɓa yin gwani kamarka ba.

To, ɗan ya gado, Yaya. Ba daga Ilori aka kawo masa ba, daga gida ya zo da abinsa. Har taɓa hular yana yi, na gani ta taga. In laifi ne, a nemi mai laifin a gindin tsamiya.

Ƙarshen wata zan tafi Birnin Kebbi, ana tantance malamai. Tun da aka ba mu jiharmu, duk shekara sai an ƙirga mu an ga ko mun ragu.

Naka,
Sa'idu.

Jega, 30 ga Nuwamba, 1995

Malam Sa'idu,

Na zo ban ishe ka ba. Kulsum ke rubuta mini wagga, Allah shi saka mata. Azumi jiki ya ƙara tsanani.

Takardarka ta biyu ma Almu yak karanta, a bakin rijiya, gaban 'yan ƙwadago. Shekara talatin da biyar ban taɓa karan dara ba. Na zaci an mance. Yaran da ba a haifa ba ran nan, yanzu sun san Baba ya bi ni da igiya.

Na nemi amsa gajera, ka ce ya gado. To, na ji. Abin da anka yi ma uban, shi za a yi ma ɗan, a maida shi bakin jigo. Na ɗauki akwatinshi. Ban tambaye shi komi ba. Mun gode da riƙo.

Rufa'i.

Malam, ni ce Kulsum. Na roƙe shi ya jira ka, ya ƙi. Yaron ya ninke tabarmarsa ya jingine, ya bar littafin lissafinsa a kan tagarka. Ko abincin rana ba su tsaya ci ba.

Jega, 11 ga Disamba, 1995

A hannun Rufa'i kaɗai.

Yaya, assalamu alaikum. Ya jikin Azumi? Allah ya sa kaffara ne. Jiya na dawo, kwana goma sha ɗaya ina bin layi, na tarar da abin da na tarar.

Yau ba ba'a. Ga amsa gajera: karatu yake.

Ga mai tsawon. Su sittin da ɗaya ne a ajinsu. A lissafi shi ne na ɗaya, a jimla shi ne na biyu, ga takardar sakamakonsa nan na haɗo da hatimin makaranta. Wasan nan ba kowa ke taɓa shi ba. Doka ce Malam Abdurrahman ya kafa: duk Juma'a da safe yana yi musu gwaji, wanda ya zo na ɗaya shi ke da awa guda a gaban kwamfuta ranar Asabar, in an kawo wuta. Awa guda, a mako. Zaharaddeen ya zauna kujerar nan Asabar takwas a jere. Ma'ana Juma'a takwas ba wanda ya kama ƙafarsa. Sauran kwanakin, in na fito sallar asuba na tarar da shi da littafi. Malamin ya ce tun da ya fara koyarwa bai ga yaro mai haƙurin tunani kamarsa ba, kuma in ya zauna jarrabawar nan, ba inda ba zai shiga ba.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Ana rufe rubuta suna ranar talatin da ɗaya ga Janairu. Sai yaro ya zo da kansa, an ɗauke shi hoto, ya sa hannu. Shugaban makaranta ya ce ba zai sa sunan wanda ba ya aji ba, na yi magiya ya yarda zai ɗaga masa ƙafa in ya dawo kafin ranar. In ta wuce, ta wuce. Ka bar shi ya taya ku dashe har ƙarshen wannan wata, sannan ka sako shi a mota. Wata biyar kawai ya rage daga shekara shida.

Maganar da na rubuta a baya tsakanina da kai ce, irin wadda muka saba. Mai karatu ne ya kai ta kasuwa, kuma na san abin da yake nema. Don haka na ba Sambo direba wannan takarda, na sa ya yi mini alkawari ba zai ba kowa ba sai kai, hannu da hannu. Ka sa ɗan liman ya karanta maka, ku biyu, a cikin ɗaki.

Ina jiran amsa.
Sa'idu.

Jega, 1 ga Fabrairu, 1996

Yaya Rufa'i,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya.

Jiya aka rufe. Na tsaya a bakin ofis da takardar da ba hoto har magatakarda ya sa kwaɗo. Duk motar da ta tsaya a bakin makaranta sai na leƙa.

Mako bakwai ba amsa. Ni ma na iya karanta shiru, na gane. Na faɗa maka gaskiya da hatimi a kanta, ka zaɓi ka huce haushin zaure a kan yaron da bai yi maka komai ba. Na so in zo, sai na ga wanda bai amsa takarda ba, ba zai amsa sallama ba. Ka ci wasan, Yaya, kamar kullum. Sai dai wannan karon ma kana zaune shanu suka shiga reno.

Ban sami Sambo ba, na bar masa wannan a tasha.

Sa'idu.

Aliero, 12 ga Maris, 1996

Zuwa ga Baba Malam.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna Kulsum. Ni ne Zaharaddeen. Yanzu ni ke yi wa Baba karatu da rubutu.

Allah ya yi wa Inna, mahaifiyata, rasuwa ranar goma ga azumi, a nan Aliero, gidan Kawu yayanta. Tun farkon Disamba aka kawo ta nan neman magani, Baba ya zauna da ita bai koma gida ba sai jefi-jefi. Baba Almu ya ce zai aika a gaya maka, ban sani ba ko ya aika. A yi mata addu'a.

Takardunka biyu sun iso tare, shekaranjiya. Sambo ya je Sarandosa sau uku da ta farkon, bai sami Baba ba. Baba Almu ya ce ya ba shi, ya ƙi. Ni ma na bar guga na bi shi har mota na ce ya ba ni, ya ce Malam ya ce hannun Rufa'i kaɗai, shi ba ya saɓa alkawari. Daga nan mai ya yi wuya, ya daina zuwa. Sai da ya kawo lodin albasa nan kasuwa ya ga Baba, ya ciro su daga gaban mota, rana ta cinye ambulan ɗin. Na san ana rufewa ƙarshen Janairu. Amma ba ni zan gaya wa Baba ba, kai ma ka sani, kuma in na taho ba mai ja a madadinsa.

Ba ɗan liman a nan, don haka ni na karanta. Mun kawo albasarmu kasuwa, muna zaune a rumfar Kawu, Baba ya juya mini gefe yana kallon buhuna. Da na zo kan sunana na rasa yadda zan yi, sai na ce "yaron". Na karanta har ƙarshe. Sannan ya ce wa Kawu, "Ka ce ma mai karatun nan ya maimaita inda anka ce na ɗaya." Na maimaita. Ya ce wa Kawu ya tambaya ko ƙofar na buɗe har yanzu. Kawu ya dube ni, na ce an rufe. Sai ya tashi ya koma tsintar albasa, yana ware ruɓaɓɓu. Har la'asar bai ɗago ba, kuma na ga yana jefa masu kyau cikin ruɓaɓɓun.

Ta biyun ban karanta masa duka ba. Na faɗi gaisuwa da ranar da aka rufe, na tsallake sauran. Ka yafe mini.

Baba ya ce in rubuta maka cewa baɗi in Allah ya kai mu. Na rubuta don ya ce. Amma bayan salla Baba Almu ya raba gandu, ya ɗauki yaransa da injin. Mu jigo ya faɗo mana, da ciwon bayan Baba, da ƙanwata Bushira da ƙannenta uku. Na yi lissafin ta kowace hanya, Baba Malam, ba ya fita. Kada ka wahalar da kanka wajen shugaban makaranta.

Abu biyu nake roƙo. Littafin da na bari a tagarka na Anas ne, wanda ke bi mini a aji, a mayar masa. Na biyu, faifan da ƙasata ke ciki yana wurin Malam Abdurrahman. Kafin ya gama bautar ƙasa ya tafi, ka shiga ɗakin sau ɗaya ka gani. Ba don komai ba, sai don a Sarandosa har yanzu ana tambayata labarin Misra. Ni ban taɓa kai wa kowa yaƙi ba.

Ɗanka,
Zaharaddeen.

Jega, 25 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Rufa'i, da mai karanta masa. Kada a tsallake komai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Azumi, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. A watan azumi ta zo, a cikinsa ta koma. Saƙo bai iso mu ba. Kulsum ta kwana biyu ba ta dafa komai ba. Na duba kalanda, goma ga azumi ita ce talatin da ɗaya ga Janairu. Ranar da nake tsaye a bakin ofis ina shirya maka baƙar magana, kana maƙabarta.

Asabar na shiga ɗakin. Wata biyar ina ba da labarinsa, ranar na fara taka shi. Malam Abdurrahman ya sa faifan, ƙasar ta fito. Garuruwa huɗu ne kawai: Sarandosa, Karaye, Kimba, Aliero. Haka ya sa musu suna. Kowane gari da rumbunsa. Daga kogi ya ja hanyoyin ruwa, gona bayan gona, har ba sauran fili busasshe a kewayen Sarandosa. Malamin ya ce sauran yara in suka sami kujerar, cikin rabin awa sun tara dawaki sun faɗa wa maƙwabta, shi kuwa wannan sai ya cinye awarsa yana jan ruwa. Ya taɓa tambayarsa dalili, ya ce a ƙasarsa ba wanda zai ja guga. Sojojinsa duka ba su kai a tsare kasuwa ba. In maƙwabci ya zo da barazana, sai ya ba shi wani ilmi kyauta su rabu lafiya. Misra tana nan gabas da shi, ko iyakarta bai taɓa ba. A Sarandosa an fara gina gidan magani, saura zagaye uku ya kammala. Malamin ya ce tun ƙarshen Oktoba ya karkatar da komai can. A nan aka tsaya. Maɓallin yana ta walƙiya yana jira.

Malamin ya ce ko zan gwada. Na zauna, da tarihina na shekara ashirin da biyu. Na ga ƙasa ba tsaro, na dakatar da ginin na sa a yi sojoji, na tura su iyaka don a san da mu. Zagaye huɗu na yi. Maƙwabcin ya ƙone Kimba, yunwa ta shiga Karaye. Malamin ya yi ta ƙoƙarin kada ya yi dariya, sannan ya ce ba komai, ana iya komawa inda yaron ya ajiye. Ya danna wani abu, Kimba ta dawo da rumbunta kamar ban taɓa zuwa ba. Na ce ya cire faifan ya ba ni. Yana aljihuna. Ba abin da za a kunna shi da shi a Sarandosa, amma nasa ne.

Na koma wurin shugaban makaranta duk da an ce kada in je. Ya ce bana ta wuce, baɗi kuma sai yaro ya maimaita aji, ya zauna shekara cur. Na san lissafin da aka yi a rumfar Aliero, na sake yin sa da kaina, ni ma bai fita ba.

Na ɗora wa Almu laifi, na ɗora wa Sambo, na ɗora maka. Almu abin da na rubuta ya karanta, bai ƙara ko wasali ba. Sambo abin da na ce ya yi, kuma mako bakwai ban taka tasha na tambaye shi ko ya kai ba. Ka nemi kalma ɗaya, ina da ita tun ranar farko, na riƙe ta don ba ta da ban dariya. Daga Jega zuwa ƙofarka ko ba mai bai fi tafiyar yini ba, na zauna ina rubutu saboda na san na iya rubutu.

Ranar Juma'a ina tafe ta'aziyya, ba da takarda ba. In akwai mutane a zaure a bar su, a kira na Karaye ma. A gabansu aka karanta, a gabansu zan faɗa.

Ni na yi kuskure, Yaya. Yaron karatu yake. Ni ne mai wasa.

Sa'idu.